Jinyar ido ce ta canza yadda nake gina wa mutane shagon intanet

Assalamu alaikum. Na daɗe ina so in rubuta wannan labarin amma duk sanda na zauna sai inji nauyi a ƙirjina in tashi, to yau dai na daure, ko Allah zai sa wani ya amfana musamman masu sana'a irin tawa, wato masu gina wa mutane shago a intanet.

Ni da gilashi na tashi tun ina ƙarami. Bana ganin allo sai a layin gaba, kuma kusan duk sanda aka kaini gwajin ido sai an ƙara wa gilashin ƙarfi. Ƙwallo da guje-guje ba nawa bane dan gilashin zai faɗi ya fashe a yi min faɗa, so na zama yaron zaman ɗaki, kuma a haka na haɗu da kwamfuta. Ranar da na fara rubuta HTML, wato kod ɗin da ake gina shafin intanet dashi, naga sunana ya fito a burauza da launin da ni na zaɓa, wallahi daɗin da naji har yau ina tuna shi, ji nayi nima na samu wani abu da na iya wanda raunin idona bai hanani ba. Umma kullum tana cewa ka rage ƙura wa abin nan ido, ina ce mata to, amma da ta juya baya sai in koma.

Da WordPress na fara, wato manhajar gina shafin intanet, daga nan na shiga WooCommerce wanda ya fito a 2011 shi ne yake mayar da shafin WordPress ya zama shago, daga baya kuma kwastomomi suka fara tambayata Shopify, wani kamfanin Kanada da ake buɗe shagon intanet a kansa, dole na zauna na koyi yaren kod ɗinsu na Liquid. Aikina shine jigo, wato fuskar shagon da mai saye yake gani in ya shigo, inda hoto zai zauna, inda sunan kaya zai fito, launin maɓallin saye, da yadda komai zai jeru a waya. Akwai jigogi na siyarwa da na kyauta amma masu zuwa wajena so suke nasu ya fita daban, sai in zana musu daga tushe.

Yadda nake aiki a lokacin shine kwastoma zai turo min tambarinsa da hotuna da rubutu, ni kuma in zuba komai a cikin kod da hannuna. Sanarwar saman shafi tana cikin kod, lambar wayar shago tana cikin kod, bayanin yadda ake kai kaya da yadda ake mayarwa in bai yi ba duk suna ciki. Kaya da kuɗinsu mai shago yana iya sakawa da kansa, amma duk abinda ya wuce wannan sai ya nemeni. Haka na koya, haka kuma na ga na gaba dani suna yi, har wani ya taɓa ce min ai a nan kuɗin wata-wata yake, in kwastoma ya iya komai me zai dawo yi wajenka. Kuma gaskiya ina jin daɗin a kirani, ga yaron da aka saba bari a gefen fili yau shi ake nema da daddare ana cewa Malam a taimaka.

A farkon 2021 abin ya sameni. Na fara ganin wani walƙiya a gefen idon dama ko da ɗaki da duhu, sai kuma wasu baƙaƙen ɗigo suna yawo a gabana, na ɗauka gajiya ce dan lokacin ina kwana akan aiki. Wata safiya na tashi naga wani duhu ya rufo daga gefen idon kamar an ja labule, na wanke fuska bai tafi ba, na rufe idon hagu na kalli hannuna naga rabinsa kawai nake gani. Gabana ya faɗi irin faɗuwar da ban taɓa ji ba. A asibiti likita ya ɗiga min magani ya haska, yayi shiru na ɗan lokaci sannan yace tantanin bayan idon ne ya ɓalle daga mazauninsa, kuma masu gajeren gani mai ƙarfi irina sun fi shiga wannan haɗarin, yace ba abin jira bane tiyata za a yi da gaggawa in ba haka ba idon zai iya tafiya gaba ɗaya. Dan Allah duk wanda ya ga walƙiya ko ɗigo sun ƙaru masa farat ɗaya ko duhu ya taso daga gefe kar ya kwana, ya tafi wajen likitan ido a ranar.

Anyi tiyatar, aka saka min kumfar iskar gas a cikin idon dan ta danne tantanin ya koma ya manne, aka ce in kwanta rub da ciki fuskata tana kallon ƙasa dare da rana, in zan tashi ma kaina a sunkuye, kuma kar in hau jirgin sama sai iskar ta ƙare. Wanda bai yi wannan kwanciyar ba bazai gane ba. Wuya ciwo, baya ciwo, ga tunani, idon da aka yi wa aiki baya ganin komai sai hazo, ɗayan kuma daman ba ƙarfi gareshi ba kuma ina tsoron in takura masa shima ya tafi. Da daddare in kowa yayi barci sai in dinga lissafi, in na makance me zan yi, ni da ban iya komai ba sai abinda ake yi da ido.

Waya kuwa bata daina ƙara ba. Ƙanwata ce take riƙe da ita tana karanto min, wannan yana so a canza hoton saman shafi, wancan ya canza lambar waya kuma tsohuwar ce har yanzu a shago, wata kuma rangwamen da tayi ya ƙare amma sanarwar tana nan a saman kowane shafi, masu saye suna zuwa wajen biya suna ganin ba ragi suna turo mata maganganu marasa daɗi har wani ya kirata mayaudariya. Wannan baiwar Allah jakunkuna take siyarwa kuma tana cikin waɗanda suka fara yarda dani tun ban iya sosai ba. Na kasa jurewa, nace wa ƙanwata ɗauko laftof, zan dinga faɗa miki kina yi.

Ta zauna a ƙasa kusa da gadon, ni fuskata a cikin filo. Nace shiga wajen gyaran kod, ki buɗe folda mai suna layout, akwai fayil theme.liquid, ta buɗe tace Yaya rubutu ne ba iyaka duk alamomi. Nace nemo kalmar rangwame, ta samu, nace goge layin da take ciki da na samansa da na ƙasansa. Ni a kaina ina ganin fayil ɗin yadda na barshi amma ashe na taɓa ƙara wani abu a wajen, so layin ƙasan da ta goge shine yake rufe wani div, wato akwatin kod, da ya rungume saman shafin gaba ɗaya. Tayi sebin, ya karɓa. Sai naji tayi shiru, can tace Yaya shagon ya wargaje, menu ya hau kan hotuna komai ya karkace gefe. Muryarta tana rawa. Ita ɗaliba ce ba ruwanta da kod, taimakona kawai take yi, gashi tana ganin ta rushe wa mutane dukiya. Allah ya taimaka na tuna editan yana ajiye tsofaffin kwafin kowane fayil, na kwatanta mata inda zata danna ta dawo da na baya, shagon ya dawo daidai, sanarwar rangwamen ma ta dawo tare dashi. Ta rufe laftof ɗin ta fita waje tana kuka, nima a cikin filon nan hawaye nake, abinda aka ce in kiyaye.

Bayan ɗan lokaci mai jakunkunan ta kira. Ta fara da yi min ya jiki da addu'a sosai, sannan tace Malam wallahi ba fushi nake ba, Allah ne ya kawo ciwo, amma shagona ba zai iya jira ba, da shi nake riƙe da yara, na samu wani zai karɓa. Nace Hajiya kina da gaskiya, Allah ya sa albarka. Na sa aka tura wa sabon mutumin duk abinda yake buƙata. Ba tafiyar tata ce tafi yi min ciwo ba, kalmar nan ce ta shagona, shagonta ne, kuɗinta, sunanta, amma jimla ɗaya ta kasa cirewa daga cikinsa saboda ni ina kwance. Wasu ma sun tafi bayanta, wasu sun yi haƙuri sun jira, kuma waɗanda suka jira ɗin sun yi asara a shiru ban san iyakarta ba.

Watannin da suka biyo baya sune mafi nauyi a rayuwata. Kuɗi suka ƙare, na koma ana yi min abinda ni nake yi wa gida, na daina ɗaga waya ko ta abokai. Gani ya fara dawowa a hankali, iskar tana raguwa ina ganin layinta yana sauka a cikin idon, amma bai dawo kamar da ba, layi miƙaƙƙe yana ɗan lanƙwashewa kuma rubutu mai haske akan fari baya karantuwa min sam. Na yi tunanin barin sana'ar gaba ɗaya. Umma ce tace min kai da ka samu aka ceto idon, wasu basu samu ba, ka gode wa Allah ka nemi yadda zaka yi aikin daidai ƙarfinka. Maganar ta zauna min. Daidai ƙarfina yana nufin bazan ƙara iya zama a gaban sikirin dare da rana ina canza wa mutane hoto da lambar waya ba, kuma likita ya riga ya gaya min ɗaya idon ma sai an dinga sa masa ido. Sai na yanke wa kaina shawara cewa duk shagon da zan ƙara ginawa, in na ɓace gobe mai shi zai iya tafiyar da abinsa.

Ana cikin haka a watan Yuni 2021 Shopify suka sanar da sabon tsarinsu Online Store 2.0 tare da jigon Dawn. Tun 2016 akwai abinda ake kira sashe, wato yanki-yankin shafi da mai shago zai iya ɗagawa sama ko ƙasa ko ya cire, amma a shafin farko kaɗai yake da wannan 'yancin, sauran shafuka sai ka yi dabara. Sabon tsarin ya kai shi shafin kaya da na rukunin kaya da sauran, kowane tamfilet, wato tsarin da nau'in shafi ɗaya yake bi, ya zama fayil ɗin JSON da yake lissafa sassan da ke cikinsa. Na ƙara girman rubutun kwamfutata sosai, na mayar da bangon baƙi, ina karanta kod ɗin Dawn kaɗan-kaɗan ina hutawa. A ƙasan kowane sashe akwai wajen da ake kira schema, a nan kake rubuta abubuwan da mai shago zai gani a gefen edita, wato allon da yake gyara fuskar shagon ba tare da kod ba, irin su akwatin rubutu, wajen zaɓar hoto, wajen kunnawa da kashewa, wajen zaɓar kaya ko rukuni, kowanne da sunansa da abinda zai fara dashi. Abu na farko da na gina da hannuna bayan jinya shine sashen sanarwar saman shafi, akwatin rubutu ɗaya, wajen saka link, da maɓallin kashewa. Na kira ƙanwata nace zo ki kashe sanarwar nan. Ta ɗan ja baya tace Yaya kar in sake ɓatawa, nace bazai ɓaci ba. Ta danna sau ɗaya ta kashe, ta kalleni tace shikenan? Nace shikenan.

Daga ranar ta zama mai gwada min komai. Bana gaya mata inda abu yake, sai dai ince canza hoton sama, ko ƙara tambaya ɗaya a shafin tambayoyi, in zauna inyi shiru. Duk inda ta tsaya tana dube-dube na san aikin wajen bai gama ba. A nan na gane sunayen da mu masu kod muke raɗa wa abubuwa mu kaɗai suke yi wa ma'ana, so yanzu kowane akwati da maganar mai shago nake sa masa suna, babban rubutun saman shafi, hoton da zai fito a waya, rubutun kan maɓalli, in mai shagon da Hausa yafi sakewa da Hausa nake rubuta masa, editan baya hanawa. A ƙarƙashin akwatin kuma akwai wajen ɗan bayani, sai in rubuta misali hoto mai faɗi yafi kyau anan, ko kar ya wuce layi biyu.

Amma fa ba wai ka buɗe komai bane, wannan na daɗe kafin in daidaita shi. Saboda zafin abinda ya faru dani da farko so nake mai shago ya iya taɓa duk abinda ke shafin, launi, girman rubutu, tazara, komai. Wani mai siyar da takalma da na yi wa haka ya zaɓi rubutu ruwan ɗorawa mai haske akan farin bango dan yana son launin, ya turo min yana murna, ni kuma na buɗe ban ga rubutun ba kwata-kwata sai da na kusanto da wayar har hancina. Na zauna ina tunanin masu saye nawa ne idonsu irin nawa ko ya fi nawa rauni, dattawa, masu duba waya a cikin rana. Akwai ƙa'idar WCAG, ta yadda za a gina shafi har masu raunin gani su iya amfani dashi, da ta ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 zuwa 1, da ina jinta a matsayin abin cika takarda, yanzu kuwa ita ce take raba min shafin da zan iya karantawa da wanda bazan iya ba. So na daina bada wajen zaɓar kowane launi a kowane sashe, sai in haɗa tsarin launi uku ko huɗu daga launukan tambarinsa waɗanda na gwada suna karantuwa, shi kuma ya zaɓi ɗaya a ciki. Girman rubutu in zan bari a taɓa sai in sa masa iyaka sama da ƙasa. Mutumin bai ji an tauye shi ba, cewa yayi ma yanzu yafi sauƙi dan da yawan zaɓin yana rikita shi.

Shi yasa kafin in rubuta layi ɗaya yanzu sai na zauna da mai shago na tambayeshi, me kake canzawa duk sati, me kake canzawa in lokacin rangwame yazo, me baka taɓa canzawa ba tunda ka fara. Na duk sati shi nake sawa a gaba inda zai gani da ya buɗe, na lokaci-lokaci in yi masa sashensa a ajiye ya kunna in ya tashi, wanda baya canzawa kuma in barshi a kulle. Tsarin yana ɗaukar sashe har 25 a tamfilet ɗaya da bulok, wato ƙananan yankunan cikin sashe, har 50 a cikin sashe ɗaya, amma ba mai shagon da yake buƙatar haka, ni nake rage masa, in wajen shaidar kwastomomi ne ince shida sun isa dan shafin kar yayi nauyi a waya.

Sai kuma tunanin abinda zai faru in mutum bai yi yadda ka zata ba, wannan shine rabin aikin kuma ba mai ganinsa. In ya bar akwatin take ba komai kar a ga rami a shafin, kod ɗin ya duba in babu rubutu ya ɓoye wajen. In bai sa hoto ba kar shafin ya karye. In ya sa doguwar jimla a inda na zata kalma uku ce ta naɗe da kyau. In ya ɗauki hoto a tsaye da wayarsa ya saka a wajen mai faɗi, hoton ya cika wajen ba tare da ya miƙe ya lalace ba, kuma jigon ya nemo ƙaramin kwafinsa daidai sikirin ɗin mai kallo maimakon ya sauke masa ƙaton fayil ya cinye masa data. Bayanan kaya da suke maimaituwa kamar da me aka yi shi, yadda ake wankewa, awon girma, na daina bari a zuba su a cikin dogon bayani kowa da yadda ya ga dama, akwai metafield da zaka buɗe wa kowanne gurbinsa a shafin saka kaya, mai shago ya cike, jigon ya ɗauko ya ajiye a waje ɗaya a kowane kaya, in bai cike ba wajen baya fitowa.

Akwai wani abu da ya kamata duk mai shiga wannan aikin ya riƙe da kyau. Da zarar ka ba mai shago dama ya gyara, to aikinsa shima yana zaune ne a cikin fayilolin jigon, a settings_data.json da kuma fayilolin JSON na tamfilet. In kayi gyara a kwamfutarka ka tura jigon gaba ɗaya ba tare da ka fara sauko da nasa ba, tsohon kwafinka zai hau kan duk abinda ya kwana yana jerawa. So ni kullum sai na fara jawo na kan shagon kafin in tura, ko in haɗa jigon da GitHub, wajen ajiye kod a intanet, yadda duk gyaran da yayi a edita zai shiga can da kansa. Haka kuma lambar shaidar kowane akwati wato id ɗinsa, in ka canza ta abinda mutum ya rubuta a ciki ya daina fitowa, sunan da yake gani zaka iya canzawa amma ita ka barta yadda take. Su ma masu shagon ina koya musu abu ɗaya kafin komai, in zaka yi babban canji kwafi jigon tukuna kayi a kwafin, ka duba a waya, in ya yi ka fitar dashi, in bai yi ba na asali yana nan ba abinda ya taɓa shi. Na lura wannan kaɗai yana cire musu rabin tsoro.

A ɓangaren WordPress ma haka na koma yi. Tunda editan bulok ya shigo a WordPress 5.0 a Disamba 2018, sannan fayil ɗin saitin jigo theme.json ya zo a 2021, zaka iya jera launukan da aka yarda dasu ka kashe zaɓin sauran, ka haɗa tsararrun yankuna da mai shago zai saka ya canza rubutu da hoto kawai, ka kulle bulok ɗin da baka so a goge ko a matsar. Kuma ga ma'aikatan shago WooCommerce yana da matsayin manajan shago, wanda zai kula da kaya da oda ba tare da ya kai hannu inda zai iya kashe shafin ba. Amma asusun da yake da cikakken iko na mai shago ne, da imel ɗinsa, da adireshin shafinsa na intanet duk a hannunsa, ni baƙo nake shiga da izininsa kuma zai iya cireni duk sanda ya so.

Ranar miƙa aiki bana taɓa linzamin kwamfuta. Shi zai zauna ya canza sanarwa, ya sauya hoto, ya ƙara sashe ya goge, ni ina gefe. Akwai wani dattijo mai siyar da littattafai da yace min ɗana ni fa ban iya waɗannan abubuwan ba kai dai ka dinga yi min, nace Baba gwada sau ɗaya in bai yiwu ba zan dinga yi. Hannunsa har rawa yake, ya goge rubutun sama ya rubuta nasa da yatsa ɗaya, yana gani yana canzawa a gefe tun kafin yayi sebin, sai ya cire hularsa ya ajiye ya gyara zama yace to nuna min na hoton. Bayan nan ina yi wa kowa gajerun bidiyo, kowanne abu ɗaya yake nunawa, a kan shagonsa ba shagon misali ba, da wata takarda da na rubuta dan duk mai kod ɗin da zai zo bayana ya gane yadda na jera abubuwa.

Maganar kuɗi kuwa, tsoron da aka saka min cewa in sun iya bazasu dawo ba, eh kiran canza hoto da lambar waya ya ƙare kuma kuɗin da ke biyo shi ya ƙare, sai da na ji a jikina a farko. Aikin ginin ma ya fi cin lokaci yanzu dan kowane sashe sai ka yi tunanin hanyoyin da za a iya amfani dashi, so dole na koyi yi wa kwastoma bayanin dalilin da yasa kuɗin aikin ya fi na da, wasu sun gane wasu sun tafi wajen mai sauƙi. Waɗanda suka tsaya in sun dawo da babban aiki suke dawowa, sabon sashe, shago na biyu, gyaran saurin shafi, kuma su suke turo min 'yan uwansu. Lokacin da yanar ido ta taso a idon da aka yi wa aiki, abinda daman an gaya min yana yawan biyo bayan irin wannan tiyatar, na koma asibiti aka cire, na tura wa kowa saƙo cewa zan ɗan yi jinya. Amsoshin da suka zo duk na Allah ya ƙara sauƙi ne, ba wanda shagonsa ya tsaya, na kwanta hankalina a kwance ina jinyar idona kawai.

Yanzu ina aiki da rana ne kaɗai, ina tashi in huta akai-akai, kuma bana wasa da ranar ganin likita. Ƙanwata ta fara koyon CSS, kod ɗin launi da tsarin shafi, da kanta, har tana karɓar ƙananan gyare-gyare, amma na ce mata ta kusa tashi daga aikin gwaji dan ta fara sanin abubuwa da yawa, sai na nemo wanda bai taɓa buɗe edita ba. Cikin tsofaffin shagunan da na gina kafin ciwon saura guda ɗaya da ban gama mayarwa sabon tsari ba, na wani bawan Allah ne da ya jirani duk tsawon jinyar bai taɓa ɗaga min murya ba, nace masa wannan bazan karɓi ko sisi ba. Shafin farko da na rukunin kaya sun kammala, yanzu ina kan shafin kaya, shi kuma yana can yana cike awon girma a gurbin kowane kaya da kansa, in ya gama sai mu zauna ya gwada a gabana.